Waiwaye: Yadda iska da masu jinya suka samu wuri a zanen asibitin mata da yara

Da yawan gadaje ake auna girman asibiti, a ce mai gado hamsin ko mai gado ɗari biyu. Amma duk wanda ya taɓa kwana a asibitin karkara a ƙasa mai zafi ya san lissafin bai cika ba. Mace ba ta zuwa haihuwa ita kaɗai, yaro mara lafiya ma haka. Akwai mai girki, akwai mai wanki, akwai mai riƙon ɗan da aka yaye. Su ne ake gani kwance a baranda ko gindin bishiya, domin wanda ya zana ginin bai san da zamansu ba.

Tushen asibitin da muka sani yana Turai. Bayan yaƙin Kirimiya, a 1859, Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila, ta yi rubutu kan yadda ya kamata a gina ɗakin marasa lafiya: dogo, mai gado kusan 30, tagogi na fuskantar juna domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ita a ganinta gurɓatacciyar iska ce ke kawo cuta. Bayanin bai cika daidai ba, amma maganin ya yi aiki. Turawan mulkin mallaka suka kai wannan fasali ƙasashe masu zafi, suka ƙara masa baranda mai faɗi da rufi mai tsawo. Iska dai ta samu hanya, dangi kuwa aka bar su bakin ƙofa sai lokacin ziyara. Ko a Ingilar, sai a 1959 rahoton kwamitin Platt, wanda ya duba halin yara a asibiti, ya ba da shawarar a bar uwa ta kwana da ƙaramin ɗanta a asibiti.

An samu wanda ya bi wata hanya tun da wuri. Asibitin da likita Bature Albert Schweitzer ya kafa a Lambarene ta Gabon a 1913 ya fi kama da ƙauye, inda dangi ke zama suna hura wuta suna yi wa nasu girki. An soke shi kan rashin tsafta da kallon raini ga Afirkawa, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka mutane sun yi ta zuwa, domin ba a raba su da nasu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka yi baya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka yawaita, na'urar sanyaya ɗaki ta zo, aka daina damuwa da taga. Asibiti ya koma dunƙulallen bene na kankare, lungunansa a rufe. Ƙasashen da suka sami 'yanci a shekarun 1960 da yawa suka kwaikwayi wannan a manyan biranensu, a karkara kuma aka yi ta jera ƙananan ɗakunan bulo da rufin kwano. Irin wannan gini da wutar lantarki yake numfashi. Da zarar an ɗauke ta a ranar da zafi ya haura digiri 40, mai naƙuda da jaririn da ke fama da gudawa su ne farkon shan wuya.

Taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ya ce a kai lafiya kusa da jama'a, kuma da hannunsu a ciki. A 1987 aka yi taron Nairobi kan mutuwar mata wajen haihuwa. A 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka fayyace jinkiri uku da ke kashe mata: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun ne ya ƙara daraja gidajen jiran haihuwa, inda mai ciki daga nesa ke tarewa kusa da asibiti kafin wata ya kama. Kuba ta fara nata tun 1962. Sai dai a wurare da dama an gina su sun zauna fayau. Ɗaki ne ƙato da gadaje a jere, ba madafa, ba sirri, ba wurin 'yar rakiya. Wace mace ce za ta bar gidanta makonni saboda wannan?

A nan nake ganin aikin Kaedi, garin da ke bakin kogin Senegal a Muritaniya, ya cancanci a tsaya a kansa. Fabrizio Carola, mai zanen gini ɗan Italiya, ya faɗaɗa asibitin garin da gado 120, aka kammala a 1989. Bai nemi siminti mai yawa ko katako ba, a ƙasar da itace ke da wuya. Da ƙasar wurin aka buga tubali, aka gasa shi da ƙaiƙayin shinkafa, aka ɗaga rufin tulluwa, maginan garin suka koyi aikin a kan aikin. Ya kuma shimfiɗa ɗakunan a warwatse, da fili tsakaninsu, domin dangi su yada zango kusa da majinyacinsu ba tare da sun tare wa likita hanya ba. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan kan zanen gini a 1995.

Iska kuwa masifa ce ta dawo da ita. A 2006 aka ba da rahoton wani tarin fuka mara jin magani a Tugela Ferry ta Afirka ta Kudu: cikin mutum 53, 52 suka rasu, kuma alamu sun nuna da yawansu a asibiti suka kamu. Shi ya sa da aka buɗe asibitin Butaro a Ruwanda a 2011, lungunansa a waje suke, masu jira a sarari suke zama. Masu zanensa, MASS Design Group, su ne suka gina ƙauyen jiran haihuwa na Kasungu a Malawi a 2015, ƙananan ɗakuna kewaye da tsakar gida, da rufi mai faɗin inuwa da wurin girki da wanki. A Tambakunda ta gabashin Senegal, Manuel Herz ya yi sashen haihuwa da na yara a 2021, siriri mai lanƙwasa, bangonsa na bulo mai huji yana tare rana yana barin iska, doguwar barandarsa kuma an yi ta ne domin masu jira su zauna.

Kada a ruɗu da hotunan lambobin yabo. Irin waɗannan gine-gine 'yan kaɗan ne, kuma galibinsu da kuɗin masu ba da agaji aka yi su. Jami'ai da yawa har yau suna kallon tubalin ƙasa a matsayin alamar talauci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 260,000 ne suka rasu sanadin ciki da haihuwa a 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara, kuma inuwa ba ta tsayar da zubar jini in babu ungozoma a wurin da tsakar dare. Ita ma ungozomar tana cikin waɗanda aka daɗe ba a ƙirga ba, domin ba ta zama a ƙauyen da ba ta da makwanci. A Butaro, shekara guda bayan buɗe asibitin, abin da aka gina shi ne gidajen likitoci.