Wai mene ne "mod"? Daban yake da manhajar sata fa

Kwana biyun nan duk inda ka leƙa a TikTok ko guruf ɗin masu gem sai ka ji "turo min mod", "akwai mod ɗinsa?" kuma kusan kullum abu ɗaya suke nufi, manhajar da wani ya fasa ya cire mata talla ko ya cika ta da kuɗin wasa mara iyaka, ko ya ƙara mata wasu abubuwa irin su GB WhatsApp. Har ta kai yara suna ganin mod da kutse duk ɗaya ne, abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya gaskiya.

A wajen masu wasannin kwamfuta, mod gyara ne da 'yan wasa suke yi da hannunsu, su canza taswira, su ƙara runduna, su sake dokokin wasan sannan su raba kyauta, kuma sai kana da asalin wasan kafin ya yi aiki. Kamfanoni da yawa ma su suke buɗe ƙofar, shi ya sa Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, take da Workshop, wurin da ake ɗora mod.

Ɗauki Rome: Total War da Creative Assembly ta fitar a 2004. Wasan yana farawa a shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma in ka duba sojojin Masar sai ka ga an yi musu shiga irin ta fir'aunan da suka shuɗe kusan shekara dubu kafin nan, da karusai da komai, alhali a lokacin zuriyar Batlamus ce ke mulki, mutanen Masedoniya da suka gaji ƙasar bayan mutuwar Iskandar, kuma ƙarfin rundunarsu sahu-sahun masu dogayen masu ne irin na Girkawa. Kamfanin ya zaɓi abin da ido ya saba gani a fim ne kawai. To wasu 'yan wasa abin ya tsaya musu a rai, suka haɗu ta intanet ba albashi ba komai suka yi mod mai suna Europa Barbarorum, suka sake zana sojojin, suka ba su sunaye da harsunansu na da, har muryoyin filin daga suka sake ɗauka da Latin da Girkanci, shekarar cikin wasan da ake bugawa a zagaye biyu suka mai da ta huɗu saboda yanayi ya riƙa tasiri a yaƙi. Shekaru suka kwashe suna musu a kan sulke da garkuwa. Don Allah ta yaya za ka haɗa wannan aikin da na wanda ya fasa gem don ya samu zinare kyauta?

Wani lokacin ma kamfanin ne yake biyo su. Forgotten Empires mod ne na Age of Empires II da ya fito a 2012, Microsoft ta ɗauki masu shi, a 2013 ya zama ƙarin wasan da kamfanin ya fitar da kansa, su ne kuma suka yi The African Kingdoms a 2015 mai ɗauke da Mali da Habasha.

Inda abin ya shafe mu, a Europa Universalis IV na kamfanin Paradox da ke Suwidin, wanda ke farawa a 1444, akwai Kano da Katsina da Zazzau a taswira, a Crusader Kings III kuma za ka iya buga Daurama ta Daura tun daga 867. Na ji daɗin ganinsu amma ni dai a ganina bayanin ƙasar Hausa bai kai rabin zurfin wanda aka yi wa Faransa ko Ingila ba, kuma ba na tsammanin wani a Stockholm zai zauna ya yi mana. Fayilolin wasannin Paradox yawanci rubutu ne zalla, Notepad ma yana buɗe su. Wanda ya iya Turanci daidai gwargwado ya kuma san tarihin Muhammadu Rumfa, da kasuwar Kurmi da yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, zai iya rubuta su a matsayin abubuwan da za su faru cikin wasan ya ɗora a Workshop, ɗan Burazil ko ɗan Poland ya sauke ya buga.