Kwamfutar gwaji mai haɗa kanta: tambayoyin da masu rubuta manhaja ke yawan yi

Wai mece ce VM ɗin ma tukuna, kuma me ya sa mai rubuta manhaja zai damu da ita?

VM kwamfuta ce ta kwaikwayo da ke zaune cikin kwamfutarka ta gaske. Ana yankar mata wani kaso na RAM da faifai da furosesa, sai ta tashi da nata tsarin, misali Ubuntu ko Debian, alhali kai kana kan Windows ko Mac. Manhajar da ke riƙe da ita su ne irin VirtualBox, VMware, Hyper-V na Microsoft, ko KVM da ke cikin Linux tun 2007. Amfaninta ga mai rubuta kod shi ne ka samu wuri mai kama da saba (server), wato kwamfutar da aikinka zai je ya zauna a ƙarshe, ka yi gwaji, ka ɓata, ka goge, kuma babu abin da ya taɓa asalin kwamfutarka.

Toh ai ina iya haɗa ta da hannu, na danna nan na danna can na gama. Ina matsalar take?

Matsalar ba ranar farko take fitowa ba. Ka sauke faifan ISO mai ɗauke da tsarin, ka girka shi, ka sa PostgreSQL mai riƙe bayanai, ka sa Nginx mai miƙa shafukan yanar gizo, ka gyara wani fayil guda a can cikin wata folda saboda wani abu ya ƙi tashi, komai ya yi daidai ka ci gaba da aikinka. Bayan wasu watanni sabon mutum ya shigo ƙungiyarku yana buƙatar irin wannan injin sak, kai kuma wallahi ba za ka iya tuna duk abin da ka taɓa ba, musamman wancan ɗan gyaran da ka yi cikin gaggawa. Sai shi ya haɗa tasa da wata sigar PostgreSQL daban, kod ya yi aiki a wurinka ya ƙi a wurinsa, a fara "ai ni a wajena lafiya lau yake tafiya", a ƙone yini guda ana neman bambancin da babu wanda ya rubuta shi ko'ina. In ku biyar ne, injuna biyar ne daban-daban ke amsa suna ɗaya. Kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna, gwajin da aka yi kan injin da ba wanda ya san ainihin abin da ke cikinsa, sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

Yaya ake sa ta haɗa kanta?

Ana rubuta bayanin injin cikin fayil, wata manhaja ta karanta ta gina. Wadda ta fi shahara a wannan aiki ita ce Vagrant, Mitchell Hashimoto ne ya fitar da ita a 2010, daga baya a 2012 aka kafa kamfanin HashiCorp. Fayil ɗin sunansa Vagrantfile, da yaren Ruby ake rubuta shi amma ba sai ka iya Ruby ba, layuka ne kaɗan: wane tushe za a fara da shi, RAM nawa, furosesa nawa, wace ƙofar sadarwa (port) za a buɗe, wane umarni za a gudanar bayan ta tashi. Tushen nan suna kiransa box, wato tsarin da aka riga aka girka aka naɗe shi, ba sai ka sake zaman girkawa ba.

Daga nan sai ka buga vagrant up, ita za ta sauke tushen in babu shi, ta ƙirƙiri injin a VirtualBox ko wanda ka zaɓa, ta kunna, ta girka kayan. Da vagrant ssh kake shiga ciki, vagrant halt ya kashe ta, vagrant destroy ya shafe ta gaba ɗaya. Foldar aikinka kuma tana bayyana a cikin injin a ƙarƙashin /vagrant, kaga kenan kana rubuta kod da editan da ka saba a waje, yana gudana a ciki. In ka haɗa ƙofa 80 ta injin da 8080 ta kwamfutarka, sai ka buɗe burauza ka ga shafinka kamar yana kan saba. Fayil ɗin nan a sa shi cikin Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kod, tare da kod ɗin, duk wanda ya ɗauki aikin ya ɗauki injin.

Girka kayan cikin fa, da me ake yi? Na ji ana ta ambaton Ansible.

A nan ne aikin gaske yake, ta da injin abu ne mai sauƙi. Hanya mafi kusa ita ce ka rubuta jerin umarnin Bash, irin su apt-get install kaza, Vagrant ta gudanar maka. Don ƙaramin aiki wannan ya wadatar, kar wani ya tsorata ka. Inda yake gazawa shi ne in aka sake gudanar da shi karo na biyu: ya ƙara layin da ya riga ya ƙara cikin fayil, ko ya tsaya da kuskure don mai amfanin da yake son ƙirƙira yana nan tun ɗazu.

Ansible, wadda Michael DeHaan ya fara a 2012 Red Hat ta saye ta a 2015, ta wata fuskar take kallon abin. Ba ka ce mata "yi kaza sannan kaza" ba, kana gaya mata yadda kake son injin ya kasance ne, Nginx ya kasance a girke, wannan fayil ya ƙunshi wannan, wannan sabis ya kasance a kunne. Ta duba, abin da ke daidai ta bar shi, wanda ya kauce ta gyara, ko sau goma ka gudanar sakamakon ɗaya ne. Da YAML ake rubuta ta, ta SSH take shiga, ba ta buƙatar a dasa wani wakili nata cikin injin. Akwai Puppet da Chef da Salt su ma Vagrant tana aiki da su, amma ga mai farawa ni Ansible nake nuna masa, kuma babban riba shi ne fayilolin da suka haɗa injin gwajin su ne za su iya haɗa sabar gaske.

Kullum sai na jira ta sauke komai daga intanet? Abin na cin lokaci.

A'a. Tushen sau ɗaya ake sauke shi ya zauna. Abin da ke cin lokaci shi ne girke-girken da ke biyo baya, maganinsa kuma Packer, ita ma ta HashiCorp ce, da ita kake gasa naka tushen da manyan kayan a ciki tun farko. In gwajin da za ka yi mai ɓarna ne, ka ɗauki hoton halin da injin ke ciki da vagrant snapshot save, ka dawo kansa in ka gama.

Docker bai kashe wannan harkar ba?

Ya ɗauke kaso mai yawa, gaskiya ce, tun fitowarsa a 2013. Docker yana naɗe manhaja da duk abin da take buƙata cikin abin da ake kira kwantena. Kwantena ta fi VM sauƙin nauyi kuma cikin daƙiƙu take tashi saboda ba ta da nata kanel, wato zuciyar tsarin, na injin da take kai take aro. In manhajar yanar gizo kake rubutawa da rumbun bayananta, Docker zai ishe ka a mafi yawan lokuta. Amma wannan aron shi ne iyakarta. Kana son gwada abin da ya shafi kanel, ko yadda tsarin ke tashi daga kunnawa, ko katangar tsaro, ko Windows da FreeBSD, ko kana son injuna uku masu magana da juna kamar sabobi na gaske, toh cikakkiyar VM kake buƙata. Docker ɗin ma da ke kan Mac da Windows, a ɓoye cikin wata ƙaramar VM ta Linux yake gudanar da kwantenonin Linux.

Vagrant kaɗai ce?

Akwai Multipass ta Canonical, mai saurin ta da Ubuntu, kuma tana karɓar fayil ɗin cloud-init, wanda shi ne mafi yawan kamfanonin girgije, masu ba da hayar sabobi ta intanet, ke amfani da shi wajen shirya sabon injin a tashin farko. Wani abu da ya kamata kamfanoni su sani, a watan Agustan 2023 HashiCorp ta sauya lasisin kayanta zuwa BSL (Business Source License), Vagrant da Packer na ciki. Ba a hana amfani da su don aikinka ba, amma mai son gina kasuwanci a kansu ya karanta sharuɗɗan.

Waɗanne matsaloli ne suka fi kama mutane?

Ta farko, injin ya ƙi tashi sam saboda VT-x ko AMD-V, wato fasahar furosesa da VM ke dogaro da ita, a kashe suke cikin BIOS, saitin da ake shiga a farkon kunna kwamfuta, sai ka shiga ka kunna. A Windows kuma in Hyper-V na kunne VirtualBox kan yi nauyi ko ta yi gardama. Masu Mac na M1 zuwa sama su kula, furosesarsu ARM ce, tushen da aka yi don Intel ba zai tashi kai tsaye ba, sai an nemo na arm64. Akwai kuma wata mai ban haushi, ka rubuta fayil ɗin Bash a Windows, ƙarshen layukansa su zo da salon Windows, Linux ta yi ta kawo kuskuren da ba ka gane kansa ba alhali umarnin daidai suke. Sannan a ƙulle sigar tushen cikin fayil, in ba haka ba wanda ya zo daga baya zai sauke sabuwa, bambancin da ake gudu ya dawo ta baya. Kalmomin sirri kuma kar su shiga Vagrantfile, tunda Git zai je.

Ta yaya zan tabbatar abin da na rubuta ya cika?

Ka goge injin ka sake ta da shi. vagrant destroy, sannan vagrant up, ka gudanar da gwaje-gwajenka ba tare da ka taɓa komai da hannu ba. In ka ji gabanka na faɗuwa kafin ka buga destroy, alama ce akwai abin da ke cikin injin wanda babu shi a fayil, sai ka nemo shi ka rubuta. Duk gyaran da ka yi ta vagrant ssh don ka ga ko zai yi, in ya yi, nan take ka mayar da shi cikin fayil ɗin Ansible ko Bash, ka gudanar da vagrant provision, mai sake gudanar da girke-girken, ka gani. Kuma a riƙa yin wannan gogewar a kai a kai, ba sai ranar da sabon mutum ya zo ba, domin adireshin da ake sauke wasu kayan kan canza ko a janye tsohuwar siga, fayil ɗin da ya yi aiki bara ya tsaya a tsakiya bana.