Waiwaye: Daga soket ɗin bango zuwa bakin caja

Tun ranar 1 ga Janairun 2025 da dokar bakin caja ta fara aiki a Saudiyya, maganar ba ta mutu ba a majalisun Hausawan Makka da Jidda. Dokar ta ce sabuwar waya, kyamara, lasifikar hannu da abin sawa a kunne, duk su shigo kasuwa da baki iri ɗaya, wato USB-C. Wasu na cewa kwaikwayon Turai ne, wasu kuma na ƙorafin cewa rana tsaka aka sauko musu da ita. Masu ƙorafin sun manta an sanar tun watan Agustan 2023. Kuma asalin zancen ya girmi wannan sanarwa nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. An kafa hukumar ingancin kaya, SASO, a 1972. Hukumar sadarwa ta zo a 2001, ita ce ke tantance duk na'urar da ke aika saƙo ta iska kafin a sayar. A ƙarshen 2005 ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ke son ƙa'idojin kaya su bi ma'aunin da duniya ta sani.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shawarar 2010. Wanda ya zauna a tsofaffin gidajen Makka ya san yadda abin yake: bango ɗaya, wuta iri biyu. Wannan soket ɗin ƙarfin wutarsa volt 127 ne, wancan 220, kuma sau da yawa ido ba ya bambance su. Baƙo ya sauka, ya jona abin askinsa ko tukunyar shayi, sai ƙauri ya tashi. In kuma akasin haka aka yi, dutsen guga ya wuni bai yi zafi ba. Kasuwa ta saba da wannan zama. Ana shigo da kayan da aka ƙera don Amurka, da na Turai, da na Asiya, kowanne da irin haƙoransa, sannan a haɗa wa mai saye da ɗan adafta mai araha a ce Allah ya sa albarka. Adaftan nan, da igiyar wuta mara suna, su ne suka riƙa rufe ɓarakar, kuma su ne sukan yi zafi cikin dare.

A 2010 ɗin ce Majalisar Ministoci ta amince a koma volt 230 a gidaje, a hankali, cikin shekara 25. Kamar aikin masu gyaran wuta ne kawai, shi ya sa bai ja hankali ba. Amma a ganina nan akalar ta juya. Da ma kasuwa ce ke karɓar duk abin da jirgi ya sauke, gida ya san yadda zai yi da shi. Daga nan sai aka koma ƙasa ce ke faɗin ma'auninta, mai ƙera kaya ya bi. Filogi mai haƙora uku irin na Ingila, wanda ɗan Kano ya sani tun yana yaro, shi ya zama na hukuma. Da aka iya gaya wa masana'anta irin filogin da za ta sa, gaya mata irin bakin caja bai zama abin mamaki ba.

Abu ɗaya dai bai canza ba, kuma ya shafi masu tsaraba: wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar 50. Cajar waya ba ruwanta, galibi an rubuta duka biyun a jikinta. Fanka da firji ne ya kamata Alhaji ya duba bayansu kafin ya biya kuɗin awo.

Sauran matakan sun biyo da sauri. A 2018 aka wajabta wa wayoyi da cajojinsu takardar shaida da ta dogara da gwajin IECEE, tsarin da ƙasashe da dama ke amincewa da sakamakon ɗakunan gwajin juna. A 2019 rajistar kaya ta koma intanet ta manhajar SABER. Tarayyar Turai ta zartar da tata dokar bakin caja a 2022, Apple ya koma USB-C a iPhone 15, don haka masana'antu sun riga sun juya kafin wa'adin Saudiyya ya cika.

Zango na biyu na dokar bakin cajar Saudiyya, na kwamfutar tafi-da-gidanka, an sa masa 1 ga Afrilun 2026. Wa'adin wutar gidaje kuwa bai ƙare ba tukuna, shi ya sa a wasu tsofaffin masaukai har yanzu gara ka tambayi mai gida kafin ka jona.