Zagaya Yama a ƙafa: tambayoyi da amsoshi kan ƙauyen da ginin ƙasa ya fito da sunansa

Ina ne Yama, kuma me ake zuwa gani?

Yama ƙauyen Hausawa ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Abin da ya fito da sunansa shi ne masallacin Juma'arsa na ƙasa, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Wanda ya gina shi, Alhaji Falke Barmu, maginin gargajiya ne ɗan yankin, ba injiniyan da aka ɗauko daga birni ba.

Yaya aka yi masallacin ƙauye ya kai haka?

Ba a rana ɗaya ba. A 1962 aka fara shi, gini ne mai sauƙi: ɗaki mai kusurwa huɗu, ginshiƙai a jere, rufi shimfiɗaɗɗe. Aikin gayya aka yi, wasu na buga tubali, wasu na jidar ruwa, wasu na kawo itace. A 1975, da aka tashi gyara, sai Falke ya sake rufin da bakan gizo, wato gini mai lanƙwasa kamar baka da ke tallafe rufi, ya ɗora ƙubba a tsakiya. Daga baya ya tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, aka kammala a 1982. Babu biyu daga cikinsu da suka yi kama da juna, kuma a ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Da wani maginin ne, in ya yi ta farko ta yi kyau, maimaita ta zai yi sau uku ya huta.

Me ya sa sai a ƙafa? Ba a gani daga mota?

Daga mota katanga ja kawai za ka gani. Adon ginin ƙasa a kusa yake: shatin yatsun mai yaɓe a jikin bango, ƙaiƙayi da ciyawar da aka kwaɓa ƙasar da su, indararon da ke zubar da ruwan sama nesa da gindin gini. Hasumiyoyin kuwa sai ka kewaye masallacin kaf, domin kowane ɓangare da irin fuskar da yake nuna maka. In ka shiga ciki, ɗaga kai. Bakan gizon nan sanduna ne aka ɗaure, aka tanƙwara, aka lulluɓe da ƙasa, suka tashi daga ginshiƙai suka haɗu a sama. Wanda ya taɓa ganin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani a ƙarni na 19, zai gane cewa zuri'ar fasaha ɗaya ce, sai dai kowane gwani da hannunsa.

Bayan masallacin fa?

Kada ka juya daga nan. Bi lunguna ka dubi zauruka da rumbunan ƙasa, waɗanda ake ɗora su bisa duwatsu saboda danshi da gara. Mutane kan wuce rumbu ba su kalle shi ba, alhali tayar da bango siriri mai ciki kamar tulu, ba tare da ya tsage ba, ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai ladubban da ya kamata baƙo ya kiyaye?

Fara da gaida maigari da liman, su za su haɗa ka da wanda zai zagaya da kai. Masallacin wurin ibada ne da ake salla cikinsa, don haka tuɓe takalmi, kuma kauce wa lokacin salla in kallo ya kawo ka. Iyakar baƙo namiji zaure, sai in maigida ya ce bisimilla. Kada ka ɗauki hoton kowa, musamman mata, ba ka tambaya ba. Ɗan alheri ga wanda ya raka ka ba laifi ba ne.

Wane lokaci ya fi?

Da hunturu, da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ke bugun bango a karkace, zane ya fito sosai. Ka tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki kafin ka tashi.

Me ya hana a shafe masallacin da siminti a huta da gyara?

Siminti da ƙasa ba sa shiri. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. In aka rufe shi da siminti, ruwan da ya sami kafa ya shiga ba ya samun mafita, sai ya riƙa cin bangon ta ciki har shafen ya ɓanɓaro da ƙasar da ke bayansa. Shi ya sa bayan damina ake duba inda ruwa ya zaizaye, a kwaɓa sabuwar ƙasa a sake yaɓe. In ka dace da ranar wannan aiki, tsaya ka kalla, za ka ga yara na miƙa curin ƙasa, manya na bisa tsani suna shafawa da tafin hannu.