Mene ne ECL a Gwajin Western Blot?

Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, idan bincikensa ya shafi furotin, zai ci karo da ECL a matakin ƙarshe na gwajin Western blot, dabarar da Harry Towbin da abokan aikinsa suka bayyana a 1979. A gwajin ana rarrabe furotin gwargwadon nauyinsu, a kwashe su zuwa kan takardar naitiroselulos, sannan a zuba antibodi, wato furotin na garkuwar jiki, da zai kama wanda ake nema. Ido ba ya ganin wannan kamun, saboda haka sai an sa wurin ya yi haske.

ECL, wato enhanced chemiluminescence, shi ne ruwan da ke samar da hasken. Akan ƙara antibodi na biyu da ke kama na farkon, yana ɗauke da enzaim (furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai) mai suna HRP, wanda idan ya haɗu da sinadaran luminol da haidirojin feroksaid da ke cikin ECL sai shuɗin haske mai rauni ya fito, a ɗauke shi da kyamara ko da fim irin na hoton ƙashi a ɗaki mai duhu. ECL na kamfani yana da tsada domin daga waje ake shigo da shi, amma kayan haɗinsa ba ɓoyayyu ba ne. Ana narkar da luminol da asid na p-coumaric, wanda ke ƙara wa hasken ƙarfi, a zuba su cikin ruwan sinadarin Tris mai pH (ma'aunin tsami) 8.5, feroksaid kuma ba a sa shi sai daf da lokacin aiki. Haɗin gida ya wadatar ga furotin mai yawa. Wanda ya yi ƙaranci ƙwarai kuwa, na kamfani ya fi fito da shi.

Haka nan wajen toshe guraben takardar don kada antibodi ya manne inda bai kamata ba, madarar gari marar kitse, giram 5 cikin mililita 100, takan maye gurbin BSA, furotin na jinin shanu mai tsada. Ta shayi da ake saye a kanti yawanci tana da kitse, ba ta dace ba, kuma ko marar kitsen ba a amfani da ita idan furotin mai fosfet ake nema, domin kasin, furotin ɗin cikinta, shi ma yana da fosfet.

A ganina, antibodi ne bai kamata a nemi araha a kansa ba. Ajiyarsa ma sai da lura a garin da wutar lantarki ba ta tsayawa, domin daskarewa da narkewa akai-akai na rage masa ƙarfi. Gara a rarraba shi cikin ƙananan kwalabe tun ranar da ya iso, kuma kada sodiyam azaid, sinadarin da akan zuba don adana antibodi, ya kusanci mai ɗauke da HRP, domin yana kashe aikin enzaim ɗin.