Ba James Daly ne ya tayar da boren Connaught Rangers ba

An daɗe ana cewa James Daly ne ya haddasa boren Connaught Rangers, rundunar sojan ƙasa ta 'yan Ailan da ke yi wa Birtaniya aiki a Indiya, a 1920. Ba haka abin yake ba. A barikin Jalandhar wutar ta tashi ranar 28 ga Yuni, inda wani soja, Joseph Hawes, da abokansa suka ƙi bin umarni saboda ta'asar da dakarun Birtaniya ke tafkawa a ƙasarsu.

Daly, wanda shi ma soja ne a rundunar, yana can wani barikinta a garin Solan. Sai da labari ya iso shi ya jagoranci farmaki kan rumbun makamai, aka kashe mutum biyu. Sunansa ya danne na sauran ne don shi kaɗai aka bindige bayan shari'ar soja, a Dagshai, ranar 2 ga Nuwamba.