Mene ne PSP, kuma me ya sa har yanzu ake ambaton sunanta?

PSP taƙaitaccen suna ne na PlayStation Portable, wata na'urar wasan bidiyo ta hannu wadda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya ƙera. An fara sayar da ita a Japan ranar 12 ga Disamba, 2004, ta isa Amurka a watan Maris na 2005, sannan ta shiga Turai a watan Satumba na wannan shekarar. Kafin fitowarta, kamfanin Nintendo ne ke cin karensa babu babbaka a kasuwar irin waɗannan na'urori tun daga Game Boy ta 1989, saboda haka Sony ya shigo da wata manufa dabam, wato ya sanya wa mutum a aljihu wasannin da ingancinsu ya kusa kamo na PlayStation 2, ba tare da ya nemi talabijin ba.

Abin da ya fara jan hankalin duk wanda ya riƙe ta shi ne allonta mai faɗin inci 4.3, wanda a wancan zamani babu wayar hannu ta gama-gari da ke da irinsa. A dama akwai maɓallai huɗu da aka san PlayStation da su, a ƙasan hagu kuma akwai wani ɗan faifan sarrafawa guda ɗaya tak da ake turawa da babban yatsa. Ban da wasa, tana kunna kiɗa da fim, tana nuna hotuna, tana kuma shiga intanet ta Wi-Fi, har ma abokai da ke zaune wuri ɗaya suna iya haɗa na'urorinsu su fafata ba tare da intanet ba.

A ganina, duk tarihin PSP yana rataye ne a kan faifanta mai suna UMD. Ɗan ƙaramin faifai ne mai faɗin santimita 6 a cikin kwanson roba, ana buɗe murfin bayan na'urar a zura shi, kuma yana ɗaukar bayanai har gigabait 1.8. Wannan girma ne ya ba masu shirya wasanni damar kawo manyan wasanni masu murya da bidiyo, amma kuma shi ne ya jawo mata matsala, domin juya faifan yana cin batir, yana ƙara, kuma yakan sa mai wasa ya zauna jiran wasan ya buɗe. Ba a daɗe ba masu kutse suka gano yadda za su sauya manhajar na'urar, ta yadda za a kwafe wasa daga faifai a zuba shi a katin ajiya na Memory Stick, lamarin da ya buɗe ƙofar satar fasaha, ya kuma sanyaya gwiwar wasu kamfanonin wasanni.

Sony ya yi ta sabunta ta. PSP-2000 ta 2007 ta fi ta farko siranta da rashin nauyi, PSP-3000 ta 2008 ta zo da makirfo, sai PSP Go ta 2009 wadda aka cire mata UMD ɗungurungum, amma ba ta samu karɓuwa ba. An sayar da PSP kimanin miliyan 80 a duniya, adadi mai tsoka, duk da cewa kishiyarta Nintendo DS ta haura miliyan 150. Magajiyarta PlayStation Vita ta fito a ƙarshen 2011, kuma a 2014 Sony ya daina fitar da PSP kasuwa.

Yau idan matashi a Kano ko Maraɗi ya ce yana buga PSP a wayarsa, yawanci PPSSPP yake nufi, wata manhaja ta kyauta da Henrik Rydgård, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar a 2012, wadda ke kwaikwayon aikin na'urar a wayar Android ko kwamfuta. Ba Sony ne ya yi ta ba. Haka kuma wasannin ƙwallon ƙafa masu sababbin 'yan wasa da rigunan bana da ake turawa juna, masu sha'awa ne suka gyara tsofaffi, domin kamfanin Konami bai sake fitar da wasan ƙwallonsa na PES (Pro Evolution Soccer) a kan PSP ba bayan PES 2014.